Tayil, tarazo, SPC ko efoksi: wanne za ka shimfiɗa a gida, wanne a shago?

Duk wanda gininsa ya kai matakin daɓe ya san ruɗanin da ake shiga. An yi rufi, an yi filasta, aljihu ya riga ya yi sauƙi, sai shawara ta fara zuwa ta kowace kusurwa. Birkila ya ce a sa tayil a huta. Uwargida ta ga wani falo a Instagram mai ƙasa kamar katako, irin fallayen da ake kira SPC ko laminet, ta ce ita fa shi take so. Aboki ya dawo daga Abuja da labarin efoksi, wani haɗi da ake zubawa a ƙasa ya daskare, mai ƙyalli kamar an zuba ruwa. Baba kuma ya ce duk ku bar wannan surutu, tarazon da ya taka a makarantar sakandare, wato daɓen tsakuwa da siminti da ake gogewa, yana nan har gobe.

Kowannensu yana da gaskiyarsa, sai dai kowa ɗaki daban yake hangowa a ransa. Abin da ƙasan falo ke fuskanta ba shi na banɗaki ke fuskanta ba, balle na shagon hatsi. Yawancin nadamar da ake yi tana farowa ne daga ganin abu ya yi kyau a wurin mai sayarwa, sai a shimfiɗa shi tun daga ƙofar gida har kicin. A da, lokacin da mata ke gayyar daɓe da madaɓi da ruwan makuba suna waƙa, hanyar ɗaya ce. Yanzu ta haura goma, wasunsu ma domin gidajen Turai aka ƙera su, inda ba a san ƙurar hunturu ba.

Abubuwan da za a auna da su

Ƙura da yashi su ne na farko a wurinmu, su ne kuma littafin hotunan kamfani ba ya ambata. Duk shekara iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, kaso mai yawa daga kwarin Bodele da ke Chadi, ta sauke mana a kan komai. Abu mai duhu da ƙyalli shi ya fi tona asirinta: ka share yanzu, kafin la'asar sawun ƙafa ya fito. Yashin da takalmi ke shigowa da shi ya fi ƙurar ɓarna. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, wanda ke tafiya daga 1 zuwa 10, ƙwayar yashi tana kan 7, mabul yana wajen 3, roba kuwa ba a ma sa ta a lissafi. Duk takun da aka yi da yashi a tafin takalmi, kamar an goga samfefa ne.

Na biyu ruwa, kuma ta fuska biyu yake zuwa. Akwai na sama: alwala, wanke-wanke, mofa, da fitsarin yara wanda dole a wanke shi da ruwa kafin wurin ya tsarkaka a yi salla. Akwai na ƙasa, wato laimar da ke tasowa da damina. In ba a shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin kankare ba lokacin da aka cike fandisho, laimar nan za ta nemi hanya, kuma duk abin da ya toshe mata numfashi sai ta ɗaga shi. Masu gini a unguwannin da kanwa ke cin bango sun san zancen.

Na uku zafi da sanyi. Mu masu zaman ƙasa ne. A ƙasa muke cin tuwo, a ƙasa ake hira, da bazara in zafi ya haura digiri 40 a ƙasa ake kwana. Daɓen da ke riƙe sanyi rahama ne a watan Afrilu, amma da asubahin Janairu tsofaffi ba sa son taka shi.

Na huɗu santsi. Gidan da akwai tsoho ko mai juna biyu ko yara masu gudu, wannan ya kamata ya zo gaban kyau. Karayar ƙugu ga dattijo ba ƙaramin al'amari ba ne.

Na biyar kuɗi. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, duk kayan da ake shigowa da su farashinsu yana bin dala ne, har siminti da ake yi a Obajana da Sakkwato da Ashaka sai da buhunsa ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Farashin da aka faɗa maka a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei a Abuja ko Ƙofar Ruwa a Kano wannan watan ba lallai ka same shi wata mai zuwa ba. Abin da ba ya sauyawa shi ne jerin wanda ya fi wani tsada, da kuma yadda ake lissafi: kuɗin kaya, da kuɗin gyara ƙasan kafin a ɗora, da kuɗin aiki, sannan a raba da shekarun da zai yi.

Na ƙarshe, in ya lalace yaya ake gyarawa, kuma akwai wanda ya iya aikin a garinku?

Daɓen siminti

Shi ne mafi araha cikin masu ƙarko, kuma kowane birkila ya iya. In an yi kwaɓi daidai, an lailaye, an riƙa ba shi ruwa na kwana bakwai, zai yi shekaru. In aka yi rowar siminti ko aka bar shi ya bushe da wuri, sai ya riƙa tsagewa yana fitar da gari, shara ba ta ƙarewa. Yana shan manja da mai, tabon kuma ba ya fita. Amfaninsa babba shi ne ba ya rufe ƙofa: duk ranar da hali ya samu, a kansa za a ɗora tayil ko SPC. Wanda kuɗinsa ya ƙare a rufi ya yi daɓe mai kyau ya tare, ya fi ya ci bashi ya sa tayil na banza.

Akwai sabon salo da ake gani a manyan kantuna da wuraren shan kofi, inda ake goge kankaren kansa da inji har ya yi sheƙi. Yana da kyau da ƙarko, amma wannan ba daɓen birkila ba ne, aikin injina ne, kuma tun wajen zuba kankaren ake shirya masa.

Leda da kafet

Ledar ɗaki ba sai an gabatar da ita ba, kusan kowace amarya da ita ta tare. Da yadi ake saye, a yini ɗaya an shimfiɗa, in za a tashi a naɗe. Amma ƙafar gado da ta kujera suna huda ta, garwashin turaren wuta ɗaya ya faɗo ya bar mata rami, ruwa kuma in ya shiga ƙarƙashinta sai wari da kyankyasai. Shekara biyu ko uku ta fara neman canji.

Kafet mai cike ɗaki bango zuwa bango yana da daɗin zama da ɗumi lokacin sanyi, yana kuma rage ƙara. Sai dai rumbun ƙura ne. Mai asma ko yawan atishawa ya nisance shi, haka mai yara ƙanana, domin tsarkake shi wahala ne. Shi ya sa yanzu aka fi karkata ga tayil a ƙasa da kafet na tsakiya a sama, wanda za a iya fitarwa a kaɗe a wanke. A ganina wannan sauyin ya fi duk sauran ma'ana.

Tayil

A nan zan daɗe, domin a nan mafi yawan mutane za su ƙare, a nan kuma aka fi yin kuskure.

Tayil iri biyu ne a asali. Akwai siramik, akwai fosilin. Fosilin an fi matse shi, an fi gasa shi, ruwan da yake sha bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba. Siramik ya fi shi shan ruwa nesa ba kusa ba, ya fi sauƙin yanka, ya fi araha, ya kuma fi saurin ɓantarewa a gefe. Gwajin ba wuya: juya bayan tayil ɗin ka ɗiga ruwa. In ya shanye nan take, siramik ne, ko da mai shago ya rantse. In ɗigon ya tsaya yana kallonka, fosilin ne.

Tayil na kirki yana zuwa da lambobi biyu a kwali ko a takardar kamfani. Ɗaya ita ce PEI, mai nuna juriyar fuskarsa ga taku: 3 ta isa ɗakunan gida, shago da ofis suna son 4 ko 5. Ɗayar ita ce lambar santsi, daga R9 zuwa R13: R9 ta falo ce inda ruwa ba ya zama, banɗaki da baranda da wurin alwala suna son R10 ko R11. In babu lamba, jiƙa yatsa ka goga a fuskar tayil ɗin. Kada kuma a yarda a sa tayil ɗin bango a ƙasa don ya rage. Ya fi siriri, fuskarsa ba ta taku ba ce.

Abin da ake yayi yanzu shi ne manya. An bar mai santimita 30 da 30, ana barin 40 da 40, an koma 60 da 60 da kuma 60 da 120. Akwai dogaye masu zanen katako, akwai masu jijiyar mabul, akwai ruwan toka marasa ƙyalli masu kama da siminti. Babban tayil yana sa ɗaki ya yi faɗi a ido, layin tsakani da ke tara datti kuma ya ragu. Amma yana son ƙasa shimfiɗaɗɗiya sarai, in ba haka ba gefen wannan ya fi na wancan tsawo, ana tuntuɓe. Game da launi, shawarata ba ta sauyawa: ruwan ƙasa-ƙasa ko ruwan madara mai ɗan zane, marar ƙyalli sosai. Baƙin tayil mai sheƙi kyan ɗan maciji gare shi, ga ƙura ga santsi. Fari fat kuma sai gidan da ke da mai mofa sau uku a rana.

Ana yin tayil a Najeriya. Akwai masana'antar West African Ceramics a Ajaokuta ta jihar Kogi, akwai CDK a Shagamu ta jihar Ogun, da wasunsu. Na waje kuma yana zuwa daga Sifen da Italiya da Sin da Indiya. Na gida ya fi sauƙin kuɗi, kuma in ya gaza za ka fi saurin samun ciko. Kalmar “ɗan Sifen” ta zama abin talla a bakin wasu masu sayarwa, saboda haka a duba hatimin da ke bayan tayil ɗin, ba abin da aka faɗa ba.

Ga lissafi. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 murabba'in mita 13.4 ne. Kwalin 60 da 60 yakan zo da guda 4, wato murabba'in mita 1.44. Ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ya zama 14.7, kwali 11 ke nan, ban da sikatin, wato siririn tayil ɗin da ake zagaye gindin bango da shi. Ka sayi duka a lokaci ɗaya, ka duba lambar gashin da ke jikin kwali ta zama iri ɗaya, domin zane ɗaya daga gashi daban yakan bambanta a launi. Ka kuma ɓoye kwali ɗaya a sito. Bayan shekara uku in guda ya fashe, zanen nan ya bar kasuwa.

Sai maganar sawa, wadda ta fi sayen muhimmanci. Siramik ana jiƙa shi a ɗora a kan kwaɓin siminti ya kama, saboda yana shan ruwa. Fosilin ba ya sha, don haka siminti zalla ba ya riƙe shi da kyau, gam ɗin tayil yake so, a shafe ƙasan duka da cokali mai haƙora. Na taɓa shiga wani falo da aka kashe wa kuɗi, bai shekara biyu ba, wata rana da tsakar bazara sai aka ji ƙara kamar an harba bindiga, layi guda na tayil ya tashi ya yi tozo a tsakiya. Mai aikin ya manne su baki da baki ba tazara, ya kuma danna su jikin bango. Da zafi ya buɗa su, ba inda za su sai sama. A bar tazarar milimita 2 zuwa 3 a tsakani, a bar 'yar kafa a jikin bango wadda sikatin zai rufe. Kafin ka biya cikon kuɗin aiki, ɗauki makulli ka bi ɗakin kana ƙwanƙwasawa. Duk wanda ya yi amon ganga, ƙarƙashinsa fanko ne, shi zai fara fashewa.

Wata ɓarnar kuma ita ce wanke tayil da asid bayan an gama gini. Yana cire ragowar siminti, haka ne, amma yana cinye abin da aka cike layin tsakani da shi, ya kuma dusashe fuskar wasu tayil ɗin har abada.

Tarazo

Baba bai yi ƙarya ba. Tarazo asalinsa daga yankin Benis na Italiya ne: tsakuwar mabul ko giranit ake kwaɓawa da siminti, a raba ƙasan gida-gida da siraran layuka na tagulla ko gilashi ko roba don hana tsaga tafiya, in ya bushe a goge da inji har tsakuwar ta fito fili. Tsofaffin makarantu da asibitoci da sakatariyoyin da aka gina shekarun 1960 da 1970 cike suke da shi, kuma bayan dubban ƙafafu da gadajen marasa lafiya har yau yana aiki. In ya dusashe, a sake gogewa ya dawo sabo, abin da tayil ba zai taɓa yi ba. Launinsa mai ɗigo-ɗigo yana ɓoye ƙura fiye da komai.

An daina yayinsa ne saboda an ɗauke shi kayan gwamnati, kuma aikinsa akwai jagwalgwalo. Yana cin makonni, ruwan guga yana ɓata bango, dole a yi shi kafin fenti da ƙofofi. Ba aikin gidan da mutane ke ciki ba ne. Ƙwararrun masu yinsa sun ragu, wanda bai iya ba kuma zai bar maka tudu da kwari. Asid yana cinsa, manja yana shiga in ba a shafa masa maganin toshe ƙofofin fuskarsa ba. Abin dariya, yanzu ya dawo yayi a Turai har masana'antun tayil suna buga zanensa a kan fosilin. Wanda ya fasa tarazon gidan gado ya sa tayil, wataƙila jikansa zai sayi tayil mai hoton tarazo.

Mabul da giranit

Ana haɗa su a baki, amma halinsu ya sha bamban. Mabul yana da kyau da sanyi. Duk wanda ya yi ɗawafi da rana tsaka ya ji yadda farin mabul ɗin Harami, wanda ake kawowa daga tsibirin Tasos na Girka, ba ya ƙona ƙafa. Sai dai mabul dutse ne mai laushi, kuma duk abu mai tsami yana cinsa: lemon tsami, tsamiya, zoɓo, da yawancin magungunan wanke banɗaki. Lalle da manja suna barin tabo. Yana son gogewa lokaci-lokaci da kuma gidan da ake cire takalmi.

Giranit tauri gare shi, yana wajen 6 zuwa 7 a ma'aunin da na ambata, bai damu da tsami ba. Shi ya sa ake sa shi a matakala da bakin ƙofa da kan teburin kicin da harabar banki. Wanda aka goge yana da santsi in ya jiƙe, saboda haka na waje a nemi mai kaushi. Dukansu biyu suna saman jerin tsada, ga nauyi, ga kuɗin aiki. A gida matsakaici, a sa giranit a matakala kawai ya wadatar.

SPC da laminet

Wannan shi ne abin da uwargida ta gani a waya. Dukansu falle-falle ne dogaye masu hoton katako, ana saƙala bakin wannan a na wancan ba tare da siminti ba. A ido kusan ɗaya suke, a ciki kuwa ba su haɗa hanya ba.

Laminet cikinsa garin katako ne da aka matse. Ruwa in ya shiga ta tsakani sai gefen ya kumbura, kuma ba ya komawa. A gidan da ake mofa da ruwa sharkaf, kwanansa ƙirgagge ne. In ma za a sa, a nemi mai lambar juriyar taku AC4 zuwa sama, a ɗakin kwana na bene, nesa da banɗaki. Katako na gaske kuwa ga gara, ga shi yana tsukewa da hunturu ya buɗe da damina, ba na ba kowa shawararsa a Arewa.

SPC cikinsa garin farin dutse ne da roba, ruwa ba ya kumbura shi, gara ba ta cinsa. Kaurinsa yawanci milimita 4 zuwa 6, amma abin dubawa shi ne kaurin fatar sama mai ɗaukar taku: 0.3 ta ɗakin kwana ce, 0.5 ta falo da ofis. Ba shi da sanyin tayil a tafin ƙafa, ba shi da santsi sosai, kofi in ya faɗi ba lallai ya fashe ba. Babbar fa'idarsa ita ce sauri da tsabta: ana ɗora shi a kan tsohon tayil, a yini ɗaya ko biyu an gama ɗaki, ba fasa ba ƙura. Mai gyaran tsohon gida ko mai sabunta ofis ba tare da rufe shi mako biyu ba, wannan ya fi masa.

Rauninsa uku. Yana son ƙasa a miƙe, in akwai kwari sai bakin saƙalar ya karye. Rana mai dukansa kai tsaye ta taga tana koɗar da shi, tana iya sa shi ya bankare, don haka dole labule da kuma tazara a jikin bango. Garwashi da dutsen guga suna ƙona shi, jan kujera a kan yashi yana karce shi. Kuma kasancewar ruwa ba ya lalata fallen ba ya nufin ruwa ba ya shiga ƙarƙashinsa ya kwanta. Ba kayan banɗaki ko tsakar gida ba ne. Shigowa da shi ake yi, farashinsa yana kai na fosilin mai kyau ko ya wuce.

Efoksi

Ruwa biyu ne ake haɗawa, a zuba a kan kankare, su daskare su zama fata ɗaya marar layi. Asalin wurinsa masana'anta ne da ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin tiyata da sito da garejin mota, inda ake son ƙasan da datti ba shi da wurin ɓuya kuma mai da magunguna ba sa ci. A can ba shi da na biyu. Shigowarsa falo, da hoton teku ko furanni a ƙarƙashi, sabon yayi ne, kuma ina da ja a kansa.

Efoksi ba ya yafe kuskure. Sabon kankare sai ya yi aƙalla kwana 28, sai an kankare fuskarsa da inji, sai an tabbatar ba laima. In laima tana tasowa, zai yi ƙuraje ya riƙa saɓulewa kamar fatar maciji. Hasken rana yana mayar da shi rawaya-rawaya. Yashi yana dusashe ƙyallin a hanyar da aka fi bi, in ya jiƙe kuma santsi, sai dai in an barbaɗa masa yashi na musamman a shafin ƙarshe. Faci yana nunawa. Lokacin zubawa akwai wari mai ƙarfi, ba a zama a gidan. Masu cewa sun iya sun yi yawa, wasu fenti kawai suke shafawa su kira shi efoksi. Kafin ka ba kowa aikin, ka ce ya kai ka wurin da ya yi shekara biyu da suka wuce, ba hoton ranar da aka gama ba.

A taƙaice cikin jadawali

| Iri | Kuɗi | Ƙarko | Juriyar ruwa | Sauƙin sawa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Daɓen siminti | Ƙasa sosai | Mai kyau in an yi daidai | Matsakaici | Kowane birkila | Tsagewa, fitar da gari |
| Leda | Mafi ƙasa | Shekara 2 zuwa 3 | Ruwa na kwanciya ƙarƙashi | Yini ɗaya | Yagewa, ƙuna |
| Kafet mai cike ɗaki | Matsakaici | Gajere | Babu | Sauƙi | Ƙura, wahalar tsarki |
| Siramik | Ƙasa zuwa matsakaici | Mai kyau a gida | Mai kyau | Masu aiki da yawa | Ɓantarewa, santsi |
| Fosilin | Matsakaici zuwa sama | Sosai | Sosai | Sai da gam da ƙwararre | Tashi in ba tazara |
| Tarazo | Matsakaici zuwa sama | Mafi daɗewa | Mai kyau | Makonni, jagwalgwalo | Ƙarancin ƙwararru |
| Mabul | Sama sosai | Sai da kulawa | Yana tabo | Ƙwararre | Tsami, karce |
| Giranit | Sama sosai | Sosai | Sosai | Ƙwararre | Santsi, nauyi |
| Laminet | Matsakaici | Gajere a gidan ruwa | Rauni | Sauri | Kumbura |
| SPC | Matsakaici zuwa sama | Mai kyau a cikin ɗaki | Mai kyau ta sama | Sauri, ba ƙura | Rana, wuta, ƙasa marar daidaito |
| Efoksi | Sama | Ya danganta da shiri | Sosai ta sama | Ƙwararre kawai | Laima, santsi, jabu |

Wa ya dace da wanne

Mai gina gidan iyali da matsakaicin ƙarfi: fosilin 60 da 60 marar ƙyalli a falo da hanyar wucewa, siramik mai kyau a ɗakunan kwana inda taku bai da yawa, mai kaushi a kicin da banɗaki. In kuɗi bai kai duka ba, a fara da banɗaki da kicin, sauran a bar su da daɓe. A banɗaki ƙananan tayil sun fi, domin sun fi bin gangaren da ke kai ruwa magudana, yawan layukan kuma yana riƙe ƙafa.

Ɗakin Baba ko Hajiya: SPC in da hali, saboda ɗumi da rashin santsi, a kula da kaskon turare. In ba hali, tayil mai kaushi da darduma mai nauyi wadda ba ta zamewa.

Mai gidan haya: siramik na gida ko fosilin mai sauƙi, launi ɗaya a dukkan ɗakuna, yadda kwali biyu na ajiya za su yi wa gidan duka faci. Kada ka sa SPC ko laminet a gidan da ba kai za ka kula da shi ba. Ɗan haya kuma ya tsaya a leda da kafet na tsakiya, ko SPC in zai daɗe, tunda ana iya warware shi a tafi da shi.

Shagon kaya masu nauyi, hatsi ko siminti ko kayan gyaran mota, inda ake jan buhu da baro: kankare ko tarazo. Tayil zai farfashe cikin wata shida. Shagon atamfa da na waya da butik, inda ido ke saye kafin hannu: fosilin mai PEI 4 ko 5, da tabarmar goge ƙafa mai faɗi a bakin ƙofa. Gidan abinci: fosilin mai kaushi mai duhun layin tsakani, saboda manja. Ofis da ake son sabuntawa cikin ƙarshen mako: SPC mai fatar 0.5, a sa wa kujeru masu taya shimfiɗa a ƙarƙashi.

Asibiti da ɗakin gwaji da siton magani: efoksi daga hannun kamfanin da ya nuna maka tsohon aikinsa, ko tarazo. Makaranta da Islamiyya, inda ake jan benci kullum kuma kuɗin gyara ba ya zuwa: tarazo, ba tare da dogon tunani ba. Masallaci: cikinsa tayil ko tarazo da kafet mai layin sahu wanda ake iya naɗewa a share, wurin alwala kuma mafi kaushin tayil da aka samu, da gangare mai kyau.

Tsakar gida da harabar mota: intalok, wato ƙananan bulon siminti da ake jerawa, ya fi tayil, domin ruwan sama yana ratsa tsakaninsa, in bututu ya fashe a ɗaga a gyara a mayar. Sai dai yana ɗaukar zafi da rana, ciyawa tana fitowa a tsakani da damina. Wajen da mata ke girki da wanki a tsakar gida, daɓen siminti mai ɗan kaushi da gangare zuwa rariya ya fi shi sauƙin shara, turmi kuma ba ya girgiza shi.